Daga Tiga zuwa Zoo Road: Yadda fita shaƙatawa a ƙarshen mako ta sauya a Kano

Da zarar an idar da sallar La'asar ranar Asabar, titin Zoo Road da ke birnin Kano sai ya fara cika. Motocin gida ɗauke da mata da yara, 'yan A Daidaita Sahu suna kutse a tsakaninsu, masu tukuba suna hura gawayi, masu gurasa suna jera kayansu a bakin hanya.

Kafin Magariba, samun wurin ajiye mota a gaban wasu gidajen abinci sai an yi haƙuri. Haka abin yake a Audu Bako Way da Lodge Road da wasu titunan Nassarawa GRA da Bompai.

Wanda ya ga wannan cunkoso zai ɗauka tsadar rayuwa ba ta taɓa Kanawa ba. Ta taɓa su, sai dai ba ta hana su fita ba. Abin da ta yi shi ne ta rage nisan tafiyar, ta kuma sauya abin da ake fita yi.

A da, iyali kan yi girki a gida, su ɗauki tabarma su nufi bakin ruwa a wajen gari. Yanzu yawancin masu fita ba sa wuce cikin birni, kuma cin abincin shi ne fitar. Wanda ba shi da kuɗin zama a teburi kuwa, wuraren da zai kai 'ya'yansa su sha iska kullum raguwa suke yi.

Lokacin fita ƙalilan ne

Ƙarshen mako a Kano ba hutu ne na kwana biyu cur ba. Yana farawa ne tun daga yammacin Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da aka saba zuwa gaida iyaye da duba marasa lafiya da ziyarar 'yan uwa.

Safiyar Asabar da ta Lahadi ta yara ce da makarantun Islamiyya. Magidanta kuma suna zagayen ɗaurin aure, wani lokaci uku ko huɗu kafin Azahar. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari suna shagunansu ranar Asabar kamar kowace rana. Idan Asabar ɗin ƙarshen wata ce, akwai tsaftar muhalli da ke taƙaita zirga-zirga da safe.

Ga kuma rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40 ko ya wuce, babu mai son fito da ƙananan yara da tsakar rana.

Abin da ya rage wa iyali shi ne 'yan sa'o'in da ke tsakanin La'asar da bayan Isha'i. Wannan ne ya sa kowa ke fitowa a lokaci guda, kuma shi ya sa wurin da ke kusa ya fi na nesa samun jama'a.

Abin da Audu Bako ya bari

Yawancin wuraren da dattawan Kano ke tunawa idan ana hirar shaƙatawa, an samar da su ne a zamanin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975.

A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, tsakanin 1971 da 1974. Tana da nisan kimanin kilomita 70 kudu da birni, kuma tana iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. An gina ta ne domin noman rani, kuma ita ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir na yankin Kura da Kadawa.

Amma ba noma kawai aka yi tunani ba. An gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan, aka kuma gina wani otal a bakin tafkin Bagauda. A cikin gari kuma aka buɗe gidan namun daji a farkon shekarun 1970, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Audu Bako, kuma daga gare shi titin Zoo Road ya samo sunansa.

Ma'aikatan gwamnati da malaman jami'a da 'yan kasuwa da baƙi 'yan ƙasashen waje masu aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa sun daɗe suna tafiya Tiga da Bagauda a ƙarshen mako. Makarantu ma kan kai ɗalibai yawon buɗe ido.

Yau otal ɗin Bagauda ya zama harabar Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya reshen Kano. Rock Castle ya daɗe da barin matsayin da aka san shi da shi. Ruwan Tiga dai yana nan, masunta na nan da kwale-kwalensu, ana kuma samun ɗanyen kifi, amma mai zuwa da iyali sai ya tanadi komai daga gida, tun daga abin zama har ruwan sha.

Gidan Zoo shi ne ya fi jurewa. Har yanzu shi ne wurin da ya fi tara yara a bukukuwan Sallah, saboda kuɗin shigarsa bai kai na wuraren 'yan kasuwa ba, ga inuwar manyan bishiyoyi da ba a cika samun irinta a tsakiyar birni ba. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta taɓa sanar da shirin mayar da shi Tiga bisa hujjar cewa gidaje sun kewaye shi, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce. Masu adawa da shirin sun nuna fargabar cewa filin zai ƙare a matsayin shaguna da gidaje. Gidan dai yana nan inda yake.

Lissafin man fetur

Babban abin da ya nisanta Tiga da mutanen birni a 'yan shekarun nan shi ne kuɗin mai.

Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita a hukumance bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura naira 500, sannan a ƙarshen 2024 ya wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama na Arewa.

Zuwa Tiga da dawowa kimanin kilomita 140 ne. Motar da ke shan lita ɗaya a kowace kilomita 10 za ta buƙaci lita 14. A tsohon farashi, kuɗin bai kai naira 3,000 ba. A kan naira 1,000 kuwa, ya zama naira 14,000 tun ba a sayi ko ruwan leda ba.

Wannan kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na mafi ƙarancin albashin Jihar Kano, wato naira 71,000 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da shi a ƙarshen 2024. Ko da farashin man ya ɗan sauko daga baya, bai koma kusa da inda ya baro ba.

Madatsar Challawa da ke Ƙaraye ta fi Tiga nisa, duwatsun yankin Rano ma tafiya ce. Don haka magidanci kan auna: da ya ƙona kuɗin a hanya, gara ya sayi kaza da askirim a cikin gari, yara su yi lilo, a dawo gida kafin dare ya yi nisa.

Daga tsarabar tsire zuwa teburin iyali

Fita da iyali cin abinci sabon abu ne a al'adar birnin Kano. A da, abinci na gida ne. Maza kan fito da kwanukansu ƙofar gida ko zaure a yi ciyayya da maƙwabta, mata da yara kuma su ci a cikin gida.

Magidancin da aka saba gani yana cin abinci a kasuwa ko a bakin titi, sai a fara tambayar ko lafiya a gidansa. Abincin sayarwa na gwauraye ne da matafiya da leburori da 'yan kasuwar da gidajensu ke da nisa.

Abin da aka sani shi ne tsaraba. Maigida ya biya wurin mai tukuba da daddare, a naɗe masa tsire ko balangu a takarda da albasa da yaji, ya kai wa iyali. Naman ne ke zuwa gida, ba iyali ke zuwa wurin nama ba.

Abubuwa da dama suka haɗu suka sauya wannan. Birnin ya faɗaɗa ya mamaye ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Ma'aurata matasa da yawa suna zaune ne a gidajen haya a sababbin unguwanni, nesa da babban gida, babu zaure balle ciyayya.

Mata da dama suna aiki ko kasuwanci, suna kuma son ranar da za su huta da tukunya. Masu zuwa Umara da Dubai da Alƙahira sun ga yadda iyalai ke cin abinci a waje ba tare da an ga aibunsu ba.

Sai kuma wayar hannu. Gidan abincin da ya iya ɗaukar hoton kwanonsa ya ɗora a Instagram ko TikTok, yakan cika a ƙarshen makon da ya biyo baya. Masu gidajen sun gane haka, shi ya sa suke kashe kuɗi a kan fitilu da adon bango kusan kamar yadda suke kashewa a kicin.

Don jawo iyalai, da yawa sun keɓe ɓangaren zama na iyali, sun tanadi wurin sallah da ɗan filin wasan yara. Wasu ma sun bar kujeru sun koma shimfiɗa darduma da matasai irin na Larabawa.

Abin da ke cikin kwano

Kano ta daɗe tana karɓar abincin baƙi ta mayar da shi nata. Gurasa misali ce. Ana danganta asalinta da Larabawan da suka zauna a birnin tun zamanin fataucin Sahara, amma yau babu abincin da ake alaƙantawa da Kano kamarta. Ana gasa ta a tanderu a unguwannin cikin birni irin su Jakara, a ci ta da tsire, ko a yi bandashe da garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa da tumatir.

Kwarori 'yan asalin Labanan da Siriya, waɗanda suka fara zama a Kano tun farkon ƙarni na 20, sun zo da nasu salon girkin. Shawarmar da a da sai a gidajen abincinsu ake samu, yanzu kusan kowace babbar unguwa akwai matashin da ke naɗa ta a bakin titi.

A 'yan shekarun nan shinkafar Larabawa irin su mandi ta samu karɓuwa, musamman ga iyalai, saboda ana zuba ta ne a faranti ɗaya babba a ci tare, abin da ya yi daidai da yadda aka saba ci a gida.

Sabon Gari kuma nan ne matattarar abincin Kudu: farfesun kifi, sakwara da miyar agushi, amala da sauransu.

Abincin gargajiya ma bai zauna a baya ba. Masa da miyar taushe, ɗan wake, dambun shinkafa, tuwo da miyar kuka, duk sun shiga jerin abincin gidajen da ke da na'urar sanyaya ɗaki. Fura da nono da aka saba saya a ƙwarya wurin matan Fulani, yanzu akwai shagunan da ke dama ta da yogot a injin markaɗe, a zuba kwakwa da dabino. Kilishin Agadasawa kuwa har gobe shi ne tsarabar baƙon da zai bar gari.

Shekara goma na katafaren kanti

Buɗe rukunin kantunan Ado Bayero Mall a Zoo Road a 2014 ya sauya yadda matasa da iyalai ke kallon fita. A karon farko an samu wuri mai sanyi, mai tsaro, wanda ba a biyan kuɗin shiga, mace da namiji da yaro kowa na iya zagayawa.

Mutane da yawa ba sayayya ke kai su ba. Su zagaya, su ɗauki hoto, su sayi burodi ko askirim su fito. A ranakun Sallah har layi ake yi a ƙofa.

Sinimar da aka buɗe a ciki ta dawo da wata al'ada da ta kusa ɓacewa. Tsofaffin sinimun Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado wuraren maza ne, ba a san mutumin kirki da kai matarsa can ba, kuma yawancinsu sun daina nuna fim. Sunan Wapa ma yanzu canjin kuɗi yake tuna wa mutane. Sabuwar sinimar ce ta sa aka fara ganin ma'aurata da ƙawaye suna sayen tikitin kallon sababbin finafinan Kannywood.

A watan Janairun 2024 kantin Shoprite, wanda shi ne babban abin da ke jan jama'a zuwa wurin, ya rufe reshensa na Kano, inda ya danganta matakin da yanayin kasuwanci. Ga masu lura da harkar, wannan alama ce ta cewa cikar wuri da mutane daban, ciniki daban.

Tsada ta shiga kicin

Masu gidajen abinci ma suna ji a jikinsu. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin kayan abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024.

A watan Afrilun shekarar aka ƙara kuɗin lantarki ga masu rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Wanda ba ya samun wutar kuma sai ya dogara da janareta, ga firji da injin sanyaya ɗaki da ba a kashewa.

Ƙananan masu sana'a sun fi shan wuya. A watan Fabrairun 2024 mata masu yin gurasa sun yi zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa, inda suka koka cewa buhu ya haura naira 40,000, kuma da yawansu sun dakatar da sana'ar.

Dabarun da ake bi a ɓangarorin biyu sanannu ne. Mai sayarwa ya rage girman yanka ko yawan shinkafa don kada ya ƙara farashi. Mai saye kuma ya ciyar da yara a gida kafin a fito, a je a sayi abu ɗaya a raba. Wasu iyalan sun mayar da fitar ta kowane mako zuwa sau ɗaya a wata, bayan an yi albashi. Wasu sun koma saye a ƙunshe a tafi da shi gida, wato tsohuwar tsaraba ta dawo da sabuwar leda.

Ƙawaye da abokai kuma kan yi karo-karo, kowa ya tura nasa kason ta waya kafin a haɗu.

Dare da idon jama'a

Komawa gida ma wani lissafi ne. Tun Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, sannan a Yulin 2022 gwamnatin jihar ta sanar da hana A Daidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda dalilan tsaro. Ga matsalar ƙwacen waya da ta sa mutane ke ɗari-ɗari da tsayuwa a bakin titi da daddare.

Wanda ba shi da mota dole ya tashi da wuri. Mai mota ne ke iya zama har dare ya raba.

Akwai kuma batun tarbiyya, wanda ba a wasa da shi a Kano. Hukumar Hisbah takan kai samame wuraren da ake zargin ana aikata baɗala, kuma a 2021 hukumar kula da yawon buɗe ido ta jihar ta sanar da haramta shan shisha a wuraren shaƙatawa.

Iyaye da malamai da dama na ganin wasu wuraren sun zama mahaɗar samari da 'yan mata ba tare da sa ido ba. Matasa kuma na ƙorafin cewa ana yi musu kuɗin goro, alhali ba a samar musu da wasu wuraren da za su je ba. Gidan abincin da ke son ɗorewa dole ya kiyaye sunansa, don da zarar an fara yi masa kallon wurin 'yan iska, iyalai sun ƙaurace masa ke nan.

Wuraren da ba sa cin aljihu

Duk da haka, akwai wuraren da iyali za su je ba tare da sun taɓa kuɗin cefane ba, kuma da yawan mazauna birnin ba su taɓa taka su ba.

Dutsen Dala, inda tarihi ya ce Barbushe ya zauna tun kafin zuwan Bagauda, yana tsakiyar birni. Akwai matakala har sama, kuma daga can ana hango Goron Dutse da hasumiyoyin Babban Masallaci da rufin gidajen tsohon birni. Da sassafe ko bayan La'asar ya fi daɗin hawa.

Gidan Makama, wanda aka gina a ƙarni na 15, yanzu gidan tarihi ne da ke kusa da fadar Sarki. A ciki akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan Kano ta da. Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna ya kuma fara koyar da karatun boko, shi ma a buɗe yake ga masu ziyara.

A Ƙofar Mata, yara za su ga yadda ake rini da baba a karofin da aka ce ya faro tun 1498. Kusa da nan filin wasa na Sani Abacha yake, inda Kano Pillars ke karɓar baƙuncin wasanninta. Masu sha'awar dambe kuma sun san hanyar dandalin Ado Bayero Square da ke Sabon Gari.

Ga mai son bakin ruwa ba tare da ya kai Tiga ba, Wudil ta fi kusa, ga kogi ga kifi. Sai dai duk inda za a shiga kwale-kwale a kula da lodi, a kuma nemi rigar kariya. Hatsarin da ya faru a madatsar Watari da ke Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, wanda ya ci rayukan fiye da mutum 20, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, bai kamata a manta da shi ba.

Matsalar waɗannan wurare ɗaya ce: ba a tanade su don zama ba. A mafi yawansu babu isassun kujeru, babu banɗaki mai tsafta, babu inuwar da uwa za ta zauna da jariri. Mutum ya zo ya gani ya tafi.

Filayen unguwanni da yara ke ƙwallo a da, da yawa sun zama shaguna. Kududdufai an cike su an yi gini. Ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, wadda mutanen birni ke hawa shan iska da yamma, an cinye ta a wurare da dama.

Jihar da ƙidayar 2006 ta ba mutum fiye da miliyan 9, har yanzu babban lambun da talakan birninta ke kai 'ya'yansa shi ne wanda aka buɗe fiye da shekara 50 da suka wuce. 'Yan kasuwa sun cike giɓin da abin da suka iya, wato teburi da kwano da lilon kuɗi. Fili mai bishiyoyi da famfo da banɗaki da mai gadi, inda iyali za su shimfiɗa tabarma su buɗe kular da suka zo da ita daga gida, aiki ne da ke jiran gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin birnin guda takwas.